Yoyo a sabon gida: shekara guda da wani malami ya yi yana fama da rufi da tagogi a Katsina

Asalin lamarin

Mutumin da wannan bayani ya shafa malamin sakandare ne a birnin Katsina, yana da mata ɗaya da 'ya'ya biyar, mahaifiyarsa kuma a hannunsa take. Malam zan riƙa ce masa, kamar yadda kowa ke kiransa. Na san gidan tun yana fili. Wasu abubuwan na gan su da idona, wasu kuma na ɗauko su ne daga littafin da yake rubuta duk abin da ya kashe a ginin, da izininsa.

A 2016 ya sayi filin, a wata sabuwar unguwa ta wajen hanyar Dutsin-Ma. Gini ne irin na ma'aikaci: yau a buga bulo ɗari biyu, a dakata sai adashi ya zagayo. A ƙarshen 2021 ya kai linta, ɗaki huɗu da falo da kicin, tsawonsa mita 14 daga kudu zuwa arewa, faɗinsa mita 12 daga yamma zuwa gabas. Ƙofar gidan na kallon yamma, bayansa na gabas. A nan ginin ya tsaya sama da shekara, domin rufi ba kamar bulo ba ne, kuɗinsa a dunƙule yake zuwa.

Tun a zane Malam ya zaɓi ɓoyayyen rufi, wanda ake ɗaga rawani a zagaye gini, kwano ya kwanta a ciki ba a ganinsa daga waje. Yana cin katako da kwano kaɗan idan aka gwada da dogon rufi mai tsini da ake yayi, iska kuma ba ta samun bakin kwanon balle ta ɗaga shi. Akwai wani dalilin da bai cika faɗa ba: kamanninsa na tuna masa soron gidansu na cikin gari, mai rawani da zanko da indararo. Birkila ya ɗora bulo uku a kan linta a matsayin rawani, ya kuma yi kwatar siminti a jikin bangon gabas daga ciki, inda duk ruwan rufin zai gangaro ya fita ta bututu biyu masu inci 2.

Janairu zuwa Maris 2023: wa'adi da jinga

A watan Janairun 2023 mai gidan da yake haya a wajen Ƙofar Marusa ya aiko masa cewa ɗansa zai yi aure, yana bukatar gidan idan kuɗin haya ya ƙare a ƙarshen Afrilu. Malam ya auna. Ko dai ya kama wata hayar ya biya kuɗin shekara da na dillali, ko ya zuba kuɗin a nasa ginin ya rufe ya tare. Ya zaɓi na biyu.

Ya ji farashi daga mutum uku. Na farko tsohon kafinta ne, ya zo ya zagaya ginin, ya hau sama da tef, ya ce rawanin ya yi gajere, sai an ƙara bulo kafin ya taɓa katako. Na biyu kuɗin hannu kawai ya faɗa, ya ce Malam ya sayo kaya da kansa. Na uku matashi ne da wani abokin aiki ya haɗa su, ya ce zai ɗauki kaya da aiki baki ɗaya: katako, ƙusa, dogon kwano na alminiyam mai kaurin milimita 0.45, har da tagogi, duk a cikin mako uku. Farashinsa ya fi na kowa sauƙi. Ya nuna hotunan gidaje a wayarsa, ya ce, "Malam, ka kwantar da hankalinka, wannan ƙaramin aiki ne." Malam bai je ya ga ko ɗaya daga cikin gidajen ba.

Lokacin ne ake tsaka da wahalar takardun kuɗi, bayan sauya fasalin naira. A watan Fabrairu mutum kan yini a layin banki ya dawo da abin da bai kai cefanen kwana biyu ba, masu POS kuma na yanka la'ada mai nauyi. Shiga kasuwar 'yan katako a sayi abu ɗai-ɗai, a biya 'yan dako da mai amalanke da tsaba, ya zama aiki ja. Wanda za a tura wa kuɗi sau ɗaya ta waya ya ji da komai, shi ne ya fi dacewa da halin da ake ciki. Malam ya ba matashin jingar, ya tura masa kashi 70 cikin 100 a matsayin kafin alƙalami. Ba a rubuta komai ba.

Katako ya iso a farkon Maris, tubaifo da tubaitu, wato mai inci 2 a 4 da mai inci 2 a 2, da ɗanyen ƙamshinsu. Azumi ya kama ranar 23 ga Maris, ana aiki daga asuba zuwa hantsi a tashi, Malam kuwa yana makaranta a daidai waɗannan sa'o'i. Sau biyu kacal ya hau sama. Kwanon ya zo a yanke mita shida-shida, aka jera sahu biyu, na sama ya hau kan na ƙasa a tsakiyar gidan. Tagogi takwas aka sa, dukkansu na alminiyam masu zugewa, da raga da ƙarafan kariya. Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe ya cika ragowar kuɗin.

Afrilu 2023: tashi

An yi Ƙaramar Sallah ranar 21 ga Afrilu, suka tashi ranar Asabar 29 ga wata. Ya yi ciniki da mai a-kori-kura a kan sawu uku, aka ƙare a biyar, kowane ƙari da sabon ciniki, domin ba a nuna wa direban kayan ba kafin a yanke farashi. Sif ɗin uwargida ya ƙi wucewa ta lungun da ke tsakanin ɗakuna, sai da aka kira kafinta ya kwance shi a tsakar gida. Abu biyu sun tafi daidai. Uwargida ta naɗe tangaran da kayan fashi a cikin zannuwa ta jera a manyan tukwane, ko ɗaya bai fashe ba. Malam kuma ya riƙe takardun fili da na makarantar yara a jakar hannunsa, firiji aka ɗauke shi a tsaye aka bar shi ya kwana kafin a jona.

Mako guda kafin tashin an yi silin na POP a falo da ɗakin yara, saboda 'yan ganin gida. Ko ɗigon ruwa rufin bai taɓa gani ba a lokacin.

Mayu zuwa Satumba 2023: daminar farko

Zafi ne ya fara magana. Taga mai zugewa rabinta kawai ke buɗewa, ganye ɗaya na ɓuya a bayan ɗaya, ga raga ga ƙarfe. Falo na shan ranar yamma tun daga azahar. Kwano na kusa da silin, babu ko ƙofa ɗaya da iska mai zafi za ta fita daga tsakaninsu. A tsakar gida suka riƙa kwana, har da Inna.

A Katsina hadari daga gabas yake tasowa, iska da ƙura a gaba, ruwa a baya. Ruwan farko mai ƙarfi ya bar ɗigo a wuri uku. Malam ya kira mai jingar, ya zo washegari ya ce ƙusoshi ne, ya sa yaronsa ya narka kwalta ya liƙe kawunansu da tsumma. Ruwa biyu aka yi lafiya. A na uku yoyon ya dawo, ya ƙara wuri.

An cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, kuɗin mota da na kaya suka tashi, kowane gyara ya ƙara tsada a kan na baya. A watan Yuli aka yi gwaji na biyu, aka sayo silikon aka bi mahaɗar kwanukan da shi. Tagogin gabas uku su ma sun fara shigo da ruwa, yana taruwa a hanyar da ganyen ke bi, ya malalo ta jikin bango. Malam ya ga wasu 'yan ƙananan huda a ƙasan firam ɗin daga waje, ya ɗauka ta nan ruwan ke shigowa, ya toshe su da ragowar silikon ɗin. Daga ranar ruwan taga ya ƙaru.

Gwaji na uku na birkila ne. Ya ce ta tsakanin kwano da rawani ruwan ke bi, ya kwaɓa siminti ya dame gefen kwanon da bango a zagaye, ya kuma ƙara wani yaɓen a cikin kwata. Kafin mako uku simintin ya tsage a tsawonsa. Na huɗu shi ne tamfol da aka shimfiɗa a sama aka danne da bulo, iska ta yaga shi a dare ɗaya.

A duk wannan lokaci uwargida na yin wani abu da babu wanda ya kula da shi. Duk inda ta ajiye roba ko bokiti don tarar ɗigo, sai ta zagaye wurin da gawayi a ƙasa, don idan hadari ya taso cikin dare yara su san inda za su mayar da kowace roba.

A tsakiyar Agusta aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, daga bayan isha'i har tsakar dare. Ruwa ya riƙa zubowa ta jikin bangon gabas kamar an buɗe famfo. Inna ce ta ce a kwashe yara daga ɗakinsu a kai su nata, Malam ya kashe wutar gidan daga babban makunni. Ba a yi rabin sa'a ba silin ɗakin yaran ya rufto. Ba wanda ya ji rauni. Katifa biyu da littattafan makaranta da fanka suka lalace. Da safe aka hau sama aka tarar da baƙar leda ta toshe bututu ɗaya, kwata ta cika ta yi ambaliya ta ciki.

Oktoba 2023 zuwa Fabrairu 2024: sulhu da hunturu

Tun watan Agusta mai jingar ya daina ɗaga waya. Malam bai kai ƙara ba. Ya bi ta hannun mai unguwa da wani dattijo a cikin shugabannin kafintoci, aka zauna a watan Nuwamba. Mai jingar ya ce shi ba shi ya gina rawani ba, ba shi ya yi kwata ba, a cikin abin da ya tarar ya yi aiki. Game da kaurin kwano ya ce a nuna masa inda aka rubuta 0.45. Babu takarda, babu shaida. Dattawa suka yanke ya mayar da wani abu daga kuɗin hannu a biya uku. Ya kawo biyu, Malam ya bar masa na ukun.

Hunturu ya zo da nasa. Ƙura ta cika hanyar tagogin, 'yan tayoyin da ke ƙarƙashin ganye suka cije, biyu suka karye wajen ja da ƙarfi. Gashin da ake sakawa a bakin ganye don tare ƙura da sauro, ashe a taga uku kawai aka sa shi. A watan Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, Malam ya fara tunanin ko ya haƙura ya sake shiga damina da robobi.

Maris 2024: neman hanyar ruwan

Wani abokinsa da ya karanci fasahar gini a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina ya ce masa kada ya sake sayen ko ƙusa ɗaya sai an gano ta inda ruwan ke bi. Suka nemo tsohon kafintan nan na farko, wanda ya ce rawani ya yi gajere. Malam ya ji nauyin komawa wurinsa, amma Baba, kamar yadda ake kiran tsohon, bai tayar da maganar baya ba. Suka zo a makon farko na Maris, kafin azumi.

Kafin su hau sama uwargida ta nuna musu alamun gawayinta, waɗanda ta riƙa sabuntawa ko bayan shara. Da aka tsaya aka dube su gaba ɗaya, sai ga su sun yi layi biyu. Ɗaya ya ratsa tsakiyar gidan daga kudu zuwa arewa, ɗaya ya bi gindin bangon gabas. Na farko daidai ƙarƙashin mahaɗar kwano yake, na biyu ƙarƙashin kwata. 'Yan kaɗan ne suka fita daga layin.

A sama suka yi awo da tef da tiyo mai ruwa irin na birkiloli. Gangaren rufin santimita 60 ne a cikin mita 12, wato ɗaya cikin 20, kusan a kwance. Sahun sama ya hau na ƙasa da santimita 8 zuwa 10 kawai, bakin mahaɗar kuma gabas yake kallo, inda iskar hadari ke fitowa. Ruwan da ba ya gudu, iska na iya tura shi ya koma sama ya shiga ƙarƙashin kwano, ga shi tazarar da zai tsallake ba ta kai tafin hannu ba. Ɗanyen katakon ya bushe ya lanƙwashe, kwano ya lotsa a wurare da dama, ana ganin shatin laka inda ruwa ya kwanta. Abokin ya fito da ma'aunin kauri ya kama bakin kwano a wuri biyar, 0.35 ya nuna, har da fentin. Ƙusoshin na baƙin ƙarfe ne marasa roba, da yawa an buga su a kwarin kwano inda ruwa ke bi, maimakon a kan tudu. Baƙin ƙarfe da alminiyam idan suka haɗu a cikin danshi, alminiyam ɗin ne ke lalacewa, shi ya sa hudar ta yi wa ƙusa yawa.

Simintin da birkila ya dama a gefe kuwa ba zai taɓa zama ba. Alminiyam na miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi. Kwano mai mita 6, idan zafinsa ya bambanta da digiri 40 tsakanin asuba da tsakar rana, motsinsa ya haura milimita 5. Bango ba ya motsi haka, don haka abin da ya liƙe su dole ya tsage. Ɗanyen siminti ma cin alminiyam yake yi.

Sai kwata. Bayan ƙarin yaɓe faɗinta ya koma santimita 20, ƙasanta kuma ba shi da gangare zuwa bakin bututu. Abokin ya yi wa Malam lissafi a bayan takardar siminti. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ne. Rufinsa murabba'in mita 168 ne. Ruwan milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a daren Agusta, lita 6,720 ke nan, ya haura duro 33, duk ta bututu biyu masu inci 2 ake so ya fita. Bututu mai inci 4 bakinsa ya ninka na inci 2 sau huɗu, ba sau biyu ba.

Don kada a tsaya a kan lissafi, aka kira 'yan garuwa da kura biyu. Baba ya ce a fara zubawa daga ƙasa a hau sama, don kada ruwan wani wuri ya rufe na wani. Malam na cikin gida yana kallo. An juye jarka shida a kwata a jere, ruwa ya tsallake bakinta na ciki ya biyo bango. An watsa wani a mahaɗa da ƙarfi ta fuskar gabas, ya ɗigo a kan alamun gawayi ɗaya bayan ɗaya. A taga, Baba ya sa ƙusa ya ƙwaƙule silikon ɗin da ke cikin 'yan hudar nan, ya zuba ruwa da buta a hanyar ganye, ruwan ya fita waje. Ya ce, "Malam, wagga huda ai ta fitar ruwa ce. Ka rufe mata baki, ina za shi in ba ɗaki ba?" Dakalin tagogin kuma a miƙe aka yi shi, wani ma ciki ya karkata.

Afrilu zuwa Mayu 2024: gyara

Hanya uku aka shimfiɗa masa. A kwance komai a yi dogon rufi mai fuska biyu, wannan ta fi ƙarfinsa. A faɗaɗa kwata a sa manyan bututu a bar sauran, wannan za ta rage ambaliya amma mahaɗa na nan. Ta uku, wadda ya ɗauka, ita ce a rushe rawanin gabas da kwatarsa gaba ɗaya, kwano ya leƙo waje ya zubar da ruwansa ƙasa, a ƙara bulo a rawanin gaba da na gefuna don a samu gangare.

Wannan karon an rubuta takarda, abokin da mai unguwa suka sa hannu a matsayin shaidu. An rubuta kaurin kwano, girman katako, tazarar da ke tsakaninsu, da yawan hawan mahaɗa. Malam ne zai sayi kaya, Baba na tare da shi. Kuɗin hannu kashi uku: bayan katako, bayan kwano, sai kashi 10 cikin 100 da zai zauna a hannun Malam har ƙarshen Agusta. Kuɗin ya fito ne daga rancen ƙungiyar ma'aikata ta makarantarsu da tumakin uwargida biyu.

An sayi katako tun cikin azumi, aka jera shi a inuwa da tsinke a tsakani ya sha iska, aka shafe shi da maganin gara. Bayan Sallah, wadda aka yi ranar 10 ga Afrilu, iyali suka koma gidan yayan Malam a cikin gari, aka buɗe rufin. Kwana tara aikin ya ci, kullum ido na gabas. An ƙara bulo uku, gangare ya koma mita 1.2 a cikin 12, ninkin na da. Sahun sama na tsohon kwano aka mayar da shi, aka daidaita katako da tsoffin hudar, aka ɗaure da sukuru mai roba wanda ya ɗan fi ƙusar da kauri. Na kwarin da ba za su yi amfani ba aka liƙe su. Sahun ƙasa, wanda kwalta da siminti suka ɓata, aka maye shi da sabo mai mita 7, kauri 0.45, wanda aka auna a gaban Malam kafin a loda a mota. Mahaɗa ta zama santimita 30, kwano ya leƙo bayan gida da kamar santimita 60. Da yake yanzu iskar gabas na da bakin da za ta kama, Baba ya ɗaure katakon da ke kan bango da langalanga da aka binne a cikin kankare, a kowane mita.

A gefuna ba a sake dama siminti a kan kwano ba. An tsaga bango da inji, aka cusa bakin wani lanƙwasasshen sirin alminiyam a tsagar, ɗaya bakin ya sauko ya rufe tudun kwano, ta yadda kwanon zai yi motsinsa a ƙarƙashi. An bar ƙofofin iska masu raga a rawanin kudu da na arewa.

A tagogi, an buɗe duk hudar da aka toshe, aka sake dakalin na gabas ya karkata waje, da 'yar tsaga a ƙasansa don ruwa ya ɗiga kafin ya kai bango. Ta ɗakin Inna da ta ɗakin yara aka canza su da masu ganye biyu da ke buɗewa waje gaba ɗaya, idan an rufe kuma su danne roba. Mai walda ya sa wa ƙarfen kariyar ɗakin yara ƙyaure da kwaɗo, makullin na rataye a ƙusa a ciki, saboda gobara. Da tsohon kwanon aka yi rumfa a gaban tagar falo, aka dasa bedi biyu a ƙofar gida.

Silin ba a taɓa shi ba. Baba ya ce a bari rufin ya ci ruwa mai ƙarfi uku ana kallon cikinsa.

Daminar 2024

Damina ce mai ruwa a Arewa, wadda a cikinta madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri a watan Satumba. A gidan Malam wuri ɗaya ya ɗiga, a watan Yuli, a kusurwar arewa maso gabas inda sirin alminiyam biyu suka haɗu. An kira Baba da safe, kafin la'asar ya gyara. Tagogin gabas ba su shigo da ruwa ba. An yi silin a farkon Agusta, na roba wannan karon, aka bar ƙofar leƙawa a lungu. A ƙarshen wata Malam ya kai wa Baba ragowar kuɗinsa har gida.

Sabuwar matsala ɗaya ta fito. Ruwan da ke zubowa daga bakin kwano ya haƙa rami a gindin bangon baya, ya kuma riƙa gangarawa filin maƙwabci. Aka yi daɓen siminti mai faɗin mita ɗaya da 'yar magudana zuwa titi, uwargida ta jera duro biyu tana tarar na wanki. A littafin Malam, gyaran da asarar kaya da kuɗin gwaje-gwajen 2023 sun kusa kai abin da ya kashe a rufin farko.

Yadda nake ganin lamarin

Mai jingar ya ci amana a kaurin kwano, da ɗanyen katako, da ƙusa. Wannan ba ta da kwana. Amma ban yarda siririn kwano ne ya kawo yoyon ba, domin rabin rufin har yau shi ne a kai, kuma bai zuba ba. Maganar da ya yi a gaban dattawa, cewa a cikin abin da ya tarar ya yi aiki, akwai gaskiya a cikinta. Laifinsa a nan shi ne ya ga rawanin bulo uku a kan faɗin mita 12 ya yi shiru ya karɓi kuɗi, alhali Baba ya ga abin ya faɗa tun ranar farko, ya rasa aikin saboda faɗar.

Ɓoyayyen rufi kansa ba na zarginsa. Sorayen cikin gari sun daɗe da rawani, amma maginan da suka yi su kan fitar da indararo mai faɗi ya yi nisa da bango, kowace shekara kuma a hau a gyara kafin ruwa ya sauka. Wanda ke son rawani a fuska huɗu sai ya biya kuɗin kwata mai faɗi da gangare, da manyan mafita, da ƙarin wata mafitar ta ko-ta-kwana a sama da su, ya kuma yarda zai riƙa hawa yana kwashe leda. Malam ya ɗauki siffar ya bar hidimarta.

Gwaje-gwaje huɗu na 2023 sun faɗi ne saboda dukkansu toshiya ce, an yi su kuma ba a san ta ina ruwan ke bi ba. Biyu daga ciki, simintin kwata da silikon ɗin taga, ƙara ɓarna suka yi. Kurar ruwa biyu da yini guda na awo sun nuna abin da wata huɗu na liƙe-liƙe bai nuna ba, ga shi rabin amsar na zane a ƙasan ɗaki tun watan Yuli, a hannun wadda ba a tambaya ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne wa'adin. Ranar fita daga haya ce ta zaɓa masa ma'aikaci, ita ta sa ya biya kafin ya duba, ita ta sa aka rufe silin a kan rufin da ba a gwada ba, har ya rufto a inda yara ke kwana. Da ya roƙi mai gidan ƙarin wata biyu, ko ya tare a ɗaki biyu ba silin ya jira ruwan farko, da abin bai kai haka ba. Na tambaye shi ko ya nemi ƙarin lokacin, ya ce kunya ce ta hana shi, mutumin ya yi masa alheri shekara tara.

Tagogi masu zugewa shida na nan, ana share hanyarsu da tsohon burushi duk Juma'a a lokacin hunturu. Sahun sama na kwanon kuma ba ya jure taku, duk wanda zai hau sai an shimfiɗa masa falanki. Malam ya buɗe masa sabon shafi a littafinsa, yana ajiye abin da ya samu bayan an cire rancen makaranta.